Sukuwar Kaduna na neman fili da kundi, kuma a ƙetaren kogi ya kamata a samar

A ranar 17 ga Agustan 2024 wata goɗiya ta mutu a ƙasar Ostireliya, saura kwana ɗaya ta cika shekara 18 da haihuwa. Kafin gari ya waye labarin ya zagaya duniya, jaridu suka yi ta jero tarihinta tamkar wani babban mutum ne ya kwanta dama. Sunanta Black Caviar. Sau 25 aka shigar da ita sukuwa tsakanin 2009 da 2013, sau 25 ta zo ta ɗaya. Ba doki ko goɗiyar da ta taɓa shan gabanta a bakin layi.

Gudunta abin mamaki ne, amma abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda ni da ke zaune a Kaduna zan iya ɗaukar waya in ga komai nata: sunan ubanta Bel Esprit, sunan uwarta Helsinge, kuɗin da aka saye ta tana dukusa, wato dalar Ostireliya 210,000, sunan mai horar da ita Peter Moody, da mahayin da ya fi hawanta, Luke Nolen. Zan ga ranar kowace sukuwa, da nisan filin, da dawakin da ta kara da su, da daƙiƙoƙin da ta yi. A 2013, a filin Flemington da ke Melbourne, ta cinye mita 1,000 cikin daƙiƙa 55.42. In ka lissafa, kusan kilomita 65 ke nan a awa, da mutum a bayanta.

To, yanzu mai karatu ya je duk bargar da ya sani a Kaduna, ko Zariya, ko Kano, ya tambayi wane doki ne ya fi gudu a ƙasar nan shekara ashirin da suka wuce. Za a ba shi amsa, har da rantsuwa. Za a gaya masa launinsa, akawal ne ko kili ko bidi, da sunan ubangidansa, da ranar da ya bar wa dawakin wani gari ƙura. Sai ya ƙara tambaya: mita nawa ya yi, cikin daƙiƙa nawa, wa ya haife shi, ina 'ya'yansa? Nan hira za ta koma gardama, kowa da nasa zancen.

Ra'ayina shi ne Kaduna na bukatar abu biyu: filin sukuwa na gaskiya wanda aka auna, da kundin da za a riƙa rubuta dawaki da sakamakonsu. Kuma in za a yi filin, a yi shi a kudancin kogi.

Doki na da asali, mu ne ba mu rubuta ba

Irin dawakin su Black Caviar, waɗanda Turawa ke kira Thoroughbred, ba daga sama suka faɗo ba. A Ingila aka ƙirƙiro jinsin, ta hanyar haɗa goɗiyoyin can da ingarmun da aka kai daga ƙasashen Larabawa da daular Turkawa. Duk wani dokin wannan jinsi da ke raye yau, in aka bi salsalarsa ta wajen uba, a kan ɗaya daga cikin ingarmu uku za a tsaya: Byerley Turk, Darley Arabian ko Godolphin Arabian. An iya sanin haka ne saboda tun 1791 wani mutum mai suna James Weatherby ya fara wallafa kundin asalin dawaki, kuma ba a daina rubutawa ba har yau. Sama da shekara 230 ana zaɓen mai gudu a haɗa da mai gudu, ana rubuta abin da aka samu, ana watsar da abin da bai yi ba.

Dokokinsu ma na da tsauri. Ba a karɓar ɗan da aka samu ta hanyar ɗura wa goɗiya iri da allura, sai ingarma ya hau da kansa. Ana sa wa kowane dukushi wata 'yar na'ura mai lamba a ƙarƙashin fatar wuya, ana gwada gashi ko jini a tabbatar da iyayensa. Hatta shekaru ba a barin kowa ya ƙirga yadda ya ga dama: a arewacin duniya kowane doki na ƙara shekara ranar 1 ga Janairu, a Ostireliya kuwa 1 ga Agusta.

Mu kuma fa? Bahaushe ya san doki tun kafin Bature ya san hanyar Kwara. Sarautun Madaki, Shamaki, Sarkin Dawaki da Barde duk a kan doki suka tsiro. Mun san ɗan Azbin, mun san ɗan Barno, mun san bambancin ingarma da ƙuru. Masu barga sun san yawan dawar da za a zuba, da lokacin ba da kanwa, da harawar da ta fi. Ilimin yana nan, amma a ka yake, kuma ranar da aka binne mai shi, da shi ake binnewa.

Dokin sukuwar da ya fi kowane suna a ƙasar Hausa, in ba a yi gardama ba, shi ne Ɗanfilinge, na Sarkin Gobir na Isa, Amadu. Yau da wuya ka samu mai sauraron waƙoƙin fada da bai san shi ba. Dalili ɗaya ne: Ibrahim Narambaɗa ya yi masa waƙa. Da makaɗin bai ɗauki kotso ba, da Ɗanfilinge ya bi sahun dubban dawakin da suka yi fice a zamaninsu aka manta da su. Waƙa ta adana sunan, ta adana darajar, amma waƙa ba ta riƙe agogo. Mai kiwon da yake son ya san ko dokinsa ya gaji gudun kakanninsa, ba amshi zai duba ba.

Garin da aka gina da filin sukuwa a tsakiya

Kaduna ba baƙuwar doki ba ce. Da Turawan mulki suka mayar da hedikwatar Arewa nan daga Zungeru a 1917, filin sukuwa na cikin abubuwan farko da suka shata. Shi ne dandalin Murtala na yau, kuma titin Race Course na nan yana ba da shaida. Ƙungiyar kwallon dawaki ta Kaduna, wato folo, an kafa ta a 1918, kuma kofin Georgian da ake fafatawa a kansa tun 1919 an ƙera shi ne a 1785, ya girmi jihadin Shehu Ɗanfodiyo. A wannan fili aka yi wa Sarauniya Elizabeth hawan daba a 1956. A 1977 kuma Kaduna ce ta karɓi hawan dabar FESTAC, wanda dominsa aka gina otal ɗin Durbar.

Gidan sarautar Katsina ya taka rawa a wannan tarihi. Sarki Muhammadu Dikko ya rungumi folo da sukuwa, ɗansa Sarki Usman Nagogo ya zama gwanin da ba a yi kamarsa ba a fagen folo a Najeriya, jikansa Janar Hassan Usman Katsina ya ɗora.

Abin lura shi ne folo ta rayu, har ta yi ƙiba. Tana da ƙungiya, tana da jadawalin gasanni na shekara, kowane ɗan wasa an san matsayinsa da lamba, bankuna da kamfanoni na zuba kuɗi, ga Fifth Chukker a hanyar Jos da ke jawo 'yan wasa daga Ajantina da sauran ƙasashe. Sukuwa kuwa, wadda ita ce wasan talaka, wadda ba ya bukatar a yi masa bayanin dokokinta, ta zama 'yar bora. Dandalin Murtala ya zama na kowa da komai: fareti, taron siyasa, motsa jiki, kasuwanci. Ba laifi ba ne, gari ne ya girma. Legas ma haka ta yi: filin sukuwar da aka sauke tutar Ingila a cikinsa ranar 1 ga Oktoban 1960 shi ne ya koma dandalin Tafawa Ɓalewa. Amma Legas ba garin doki ba ce. Mu ba mu da wannan uzurin.

Son doki kuwa bai mutu ba don an rasa fili. Kan titi ya koma. Duk mai bin unguwanni da yammacin Asabar ko Lahadi ya san samarin kilisa da masu hawan angwanci, suna sakin linzami a kan kwalta tsakanin Keke Napep da 'yan makaranta. Kwalta na cin kofato, tana lalata gaɓoɓin doki, kuma in ya zame ba mahayi kaɗai ke jin jiki ba. Hukuma ta kan fusata ta hana, a yi shiru na wata biyu, a dawo. Hana yaro gudu ba tare da nuna masa inda zai yi ba, ɗaurin talala ne da igiyar rama.

Me ya sa sai ƙetaren kogi?

Na san wannan ne sashen da wasu za su ɗaga gira. Za a ce ai masu dawaki sun fi yawa a arewacin gari, me zai kai su Kakuri ko Sabon Tasha?

Amsar farko ta ƙasa ce. Tsakiyar gari ta cike, duk taku ɗaya na fili ya zama zinare. Gajeren zango kuma, wanda shi nake ganin ya kamata a fara da shi, ba ya cin wuri kamar yadda ake zato. A duniya sukuwar gajeren zango mita 1,000 ce zuwa 1,200, kuma ana iya yin ta a miƙe ba kwana, kamar yadda ake yi a Flemington da Ascot. Miƙaƙƙen layi mai tsawon mita 1,500, har da wurin da doki zai rage gudu, da faɗin mita 30, hekta huɗu da rabi ne kacal. A ƙara rumfar 'yan kallo, da turaku, da rijiyar burtsatse, da ɗakin likitan dabbobi. Ta hanyar Kachia ko ta hanyar Abuja ba za a rasa irin wannan fili ba. Ban ce a taɓa harabar masaƙun Kakuri da suka mutu ba. Akwai tsofaffin ma'aikatan da suka shekara da shekaru suna jiran haƙƙinsu a kan waɗannan kadarori, kuma ba daidai ba ne a yi wa doki gata a kan guminsu.

Amsa ta biyu ta fi nauyi. Kowa a garin nan ya san abin da kogin Kaduna ya zama bayan rikicin Fabrairun 2000 da na Nuwamban 2002. Mutane suka kwashe kaya, Musulmi suka yi arewa, Kirista suka yi kudu, gada ta koma kamar kan iyaka. Kafin haka akwai wuraren da ke haɗa mutane ko suna so ko ba sa so. Masaƙar KTL da aka buɗe a 1957, da UNTL, da Arewa Textiles, da kamfanin Peugeot da ya fara haɗa motoci a 1975, duk a kudancin kogi suke. Bahaushe da Bajju da Tibi da Gbagyi da Ibo sun yi aiki a kan inji ɗaya, sun ci abinci a rumfa ɗaya. KTL ta tsaya a 2002, sauran masaƙun suka bi ta ɗaya bayan ɗaya. Yaron da aka haifa a Unguwar Television bayan wannan lokaci zai iya kai shekara ashirin bai taɓa zama hira da sa'ansa na Unguwar Sanusi ba, haka shi ma na can.

Ba na cewa doki zai warkar da abin da malamai da fastoci da kwamitocin sulhu suka daɗe suna fama da shi. Abin da nake cewa ƙarami ne: gari na bukatar dalilin da zai sa mutum ya tsallaka gada ba don asibiti ko jana'iza ba. In aka sake ajiye filin a arewa, zai zama wani abin "nasu" kuma. In aka ajiye shi a kudu, masu dawaki za su tsallako da dabbobinsu, mutanen Barnawa da Narayi da Romi da Gonin Gora su fito kallo, mai sayar da tsire da mai masa da mai lemo su kasa kaya. Daƙiƙa sittin da dawaki goma ke tahowa a guje ba ta bukatar tafinta.

Akwai batun tsaro, kuma ba abin wasa ba ne. Ƙauyukan Chikun sun ɗanɗana kuɗarsu a hannun masu garkuwa, ba wanda ya manta da ɗaliban makarantar Bethel Baptist a 2021. Saboda haka filin ya kasance a jikin gari, kusa da babban titi, a yi wasa da rana tsaka a tashi kafin magariba.

Caca fa?

Mai karatu na da gaskiya in ya ce a Ingila da Ostireliya da Hong Kong kuɗin caca ne ke ɗauke da sukuwa. Haka ne. Amma ba ita ce kaɗai hanya ba. Dubai na shirya gasar Dubai World Cup tun 1996, Saudiyya ta fara Saudi Cup a 2020 da kyautar dala miliyan 20, kuma ba a buɗe tagar caca a filayensu ba. Gwamnati da kamfanoni ne ke ɗaukar nauyi. Mu ba miliyoyin daloli muke nema ba. Kamfanonin taki, da na sadarwa, da na abincin dabbobi, da bankunan da ke rige-rigen manna sunansu a gasar folo, za su iya ɗaukar kofin sukuwa huɗu a shekara ba tare da sun ji a jikinsu ba.

Ita kanta sukuwar ba baƙuwa ba ce a Musulunci. Ya zo a Bukhari daga Ibn Umar cewa Manzon Allah (SAW) ya shirya tsere tsakanin dawakin da aka horar daga Hafya'u zuwa Saniyyatul Wada'i, waɗanda ba a horar ba kuma daga Saniyya zuwa masallacin Bani Zuraiƙ. A duba da kyau: an raba dawaki aji-aji, an yanke wa kowane aji nisansa, an san mafari an san maƙura. Tsarin da nake roƙo ke nan.

Kada a fara da sayo na Turawa

Abin da nake tsoro shi ne da zarar an yi maganar gyara sukuwa, sai wani mai kuɗi ya ɗauko jirgi ya kawo dawakin Turai ko na Afirka ta Kudu, a yi hoto, a watse. Thoroughbred dabba ce mai laushi. Ƙafafunta sirara ne, cikinta ba ya son canjin abinci, kuma ba ta da garkuwar cututtukanmu. Akwai annobar dawakin Afirka da wasu ƙananan ƙwari masu cizo da dare ke yaɗawa, wadda ke iya kashe mafi yawan baƙin dawakin da ta kama. Akwai sammore da ƙudan tsando ke kawowa, akwai cututtukan kaska. Ko a ƙasarsu, da duk gatan da ake yi musu, ba sa tsira. A Royal Ascot a watan Yunin 2012, gaban Sarauniya, mahayin Black Caviar ya sassauta mata kafin layi, saura ƙiris goɗiyar Faransa Moonlight Cloud ta kama ta. Da likitoci suka duba bayan an gama, sai aka ga ashe da yagewar tsoka ta ƙarasa. Ciwon kofato ne kuma ya yi ajalinta.

Darasin da ke cikin wannan shi ne an duba ta, an gano, an ba ta hutun watanni kafin ta sake fita. Doki nawa ne a wajenmu ke gama sukuwa yana ɗingishi, a shafa masa man zafi, a sake ɗaura masa sirdi mako mai zuwa?

Don haka a fara da dawakin da ke hannu: na gida, da waɗanda ake kawowa daga Nijar da Chadi da Sudan, kowanne da ajinsa. A sa wa kowane doki lamba, a rubuta launinsa da alamominsa da shekarunsa da mai shi, yadda ba za a canza masa suna a shigar da shi ajin da ba nasa ba. A rubuta ingarman da ya hau kowace goɗiya. A sa agogo da kyamara a bakin layi, a wallafa sakamako a intanet a ranar. Ma'aikata ba su yi mana nisa ba: Tsangayar Likitancin Dabbobi ta Jami'ar Ahmadu Bello na Zariya, Cibiyar Binciken Sammore na nan cikin Kaduna, ta Vom na Jihar Filato. Ɗaliban da ke neman abin da za su yi bincike a kai sun fi dawakin yawa.

A yau Najeriya ba ta cikin ƙasashen da duniya ta amince da kundin dawakinsu, alhali Kenya da Maroko da Tunisiya na ciki. Wannan na nufin ko wani ya yi sa'ar kiwon dokin da ya fi iska gudu a Kujama, ba shi da takardar da zai nuna wa mai saye a waje. Farashinsa ya tsaya a kan abin da bakin dillali ya iya faɗa.

Sai mahaya. Saboda ana son mara nauyi, yara ƙanana ake ɗorawa, sau da yawa ba hular kwano ba rigar kariya. In yaro ya faɗi ya karye, ubangidan doki ya ba da na gyaran ƙashi in mai kirki ne, shi ke nan. Duk ƙungiyar da za ta riƙe filin nan, sharaɗinta na farko ya zama mafi ƙarancin shekarun mahayi, da hula, da motar asibiti a tsaye kafin a saki doki ko ɗaya. Sunan mahayi kuma ya shiga kundi kusa da na doki, don shi ma sana'arsa ce, kuma da wannan rubutun ne zai nemi ƙarin lada gobe.

Za a ce ana fama da tsadar masara wa yake ta doki. Tambaya ce mai kyau, shi ya sa ban nemi gwamnati ta gina katafaren wuri ba. Nata shi ne ta ba da fili da takardar mallaka da ba za a wayi gari an yanka shi filoti-filoti ba, ta gyara hanyar shiga. Sauran na masu dawaki ne da masarautar Zazzau da sarakunan yankin Chikun da 'yan kasuwa. Doki guda na ciyar da mai yankan ciyawa, da mai harawa, da mai dusa, da baduku mai ɗinka sirdi da ragama, da maƙerin linzami, da ɗan barga. Waɗannan mutane suna nan yanzu haka, suna aikin ba tare da kowa ya ƙirga su ba.

Littafin rajista da agogon hannu ba su kai kuɗin buhun dawa biyar ba. Ƙungiyoyin mahaya na Kaduna za su iya buɗe shafin farko a sukuwar da za su yi nan gaba, tun kafin a kai takardar neman filin gidan Sir Kashim.